Hannu Na Kiɗa, Baki Na Waƙa: Yadda Ake Haɗa Su

A ƙauyukan ƙasar Kazaure, daga Achilafiya ta ƙaramar hukumar 'Yankwashi har Roni da Gwiwa, da maƙwabtansu na Babura, yaron da ke sha'awar waƙa a yau wayarsa yake fara ɗauka. Ya rubuta baitoci, ya tara kuɗin mota ya shiga Kano, mai situdiyo ya buga masa fiyano, ya ɗora murya, a tace a zuba masa a waya. Ranar biki kuma a saki kiɗan ta lasifika, shi ya riƙe makirufo. Ban raina wannan ba, sana'a ce, tana ciyar da gidaje. Amma akwai gwanintar da ke neman salwanta a tsakani: mutum ɗaya ya riƙe abin kiɗa, hannunsa na aiki bakinsa na waƙa, ba wanda ke jiran wani. Wannan bayani na mai son koyonta ne, ko gurmi ke hannunsa, ko kuntigi, ko garaya, ko jitar nan mai tsirkiya huɗu da kaurin murya da ake kira bes, wadda ake gani a hannun makaɗan coci a Sabon Garin Kano da Kaduna da Jos, da kuma a bandar 'yan sanda da ta soja.

Abin da ya sa na haɗa bes da gurmi a wuri ɗaya shi ne aikinsu. Su ke riƙe da takun waƙa daga ƙasa. Mai jitar da ke ƙawa a sama in ya kuskure, sau da yawa ba mai lura. Mai bes kuwa in ya yi tuntuɓe, masu rawa a ƙafarsu za su ji. Sai ga shi wannan da ba shi da damar tuntuɓe an ce kuma shi zai ja waƙa. Tun da kamfanin Fender ya fito da bes mai lantarki a 1951 an yi masu kaɗa ta ba iyaka, amma waɗanda suka yi suna wajen haɗa ta da jan waƙa, kana iya lissafa su a zama ɗaya.

Fara da kunne

Kafin ka taɓa tsirkiya, koyi sauraro. In ka ga mai kiɗa yana waƙa, tambaya ɗaya za ka yi: lokacin da bakinsa ke aiki, me hannunsa ke yi?

Wani hannunsa da bakinsa tare suke tafiya, inda gaɓar kalma ta faɗa nan bugun ya faɗa. Lemmy na ƙungiyar Motörhead, wadda ya kafa a Ingila a 1975, galibi a nan yake. Jita ya fara kaɗawa kafin ya koma bes, kuma bai sake hannu ba: sharɓar tsirkiyoyin yake da sauri, murya na bin sawunsu. Abin yana cin ƙarfi, kuma ya daɗe a kai har rasuwarsa a 2015, amma ba shi ke raba hankalin mutum biyu ba.

Wani kuma karɓa-karɓa yake yi. Ya rera layi, ya rufe baki, abin kiɗan ya amsa. Masu kukuma irin su Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Hassan Wayam sun san wannan hanya, don muryar kukuma a sama take, kusa da inda muryar mutum ke yawo, in duk suka buɗe lokaci guda sai su take juna. B.B. King na Amurka ma haka ya yi da jitarsa: in yana waƙa tana shiru, in ya yi shiru ta ɗauka. Ba kasawa ba ce, dabara ce, kuma ita ce ƙofar da ya kamata ɗan koyo ya fara shiga.

Sai masu wuyar, waɗanda hannu ya kama hanyarsa baki ya kama tasa, su haɗu can gaba su sake rabuwa. A nan musu yake.

Paul McCartney na Beatles shi aka fi sani. Bahago ne, kuma bes ɗinsa ba riƙon taku kawai take ba, waƙa take yi ta kanta a ƙarƙashin waƙa. Sai dai a kula da abu ɗaya: Beatles sun daina yawon wasa a 1966, kuma a faya-fayen da suka biyo baya sau da yawa sai an gama ɗaukar sauran sassa yake zama ya ɗora bes shi kaɗai. Ke nan abin da ke cikin faifai ba shaida ba ne cewa an yi su tare. Shaidarsa ta zo ne da ya koma dandali da ƙungiyar Wings a shekarun 1970, yana tsaye da bes yana jan waƙa awa biyu. Darasin da ke nan ya shafi kowa, har mawaƙan situdiyon Kano: kar ka auna gwani da faifai, nemi bidiyonsa a gaban jama'a.

Jack Bruce na ƙungiyar Cream, wadda ta yi zamani daga 1966 zuwa 1968, makarantar kiɗa ya shiga a Sikotilan tun yana matashi, kuma ya taso cikin jaz. Shi hannunsa ba ya maimaita abu ɗaya, yana waƙa yana ƙirƙira a tsirkiya. Geddy Lee na Rush a Kanada ya ƙara wa kansa kaya: bes a hannu, murya can sama, fiyano a gabansa, ga wasu maɓallan sauti da yake takawa da ƙafa, waƙoƙin kuma takunsu na sauyawa a tsakiya. In ana maganar nauyin aiki zalla, ban ga wanda zan sa gabansa ba.

Amma wanda zan tura ɗan koyo ya saurara shi ne Sting na The Police, wadda aka kafa a 1977. Ya ɗebo daga kiɗan rege na Jamaika, inda bes ke barin gurbi. Ya buga biyu ko uku, ya yi shiru, muryar ta ratsa ta wajen da aka bar mata, wani sa'in kuma ta shigo kafin bugu. Bugun kaɗan ne, amma ba ya faɗawa inda baki ke tsammani, nan wuyar take. Ka lura kuma da wani abu: Cream, Rush, The Police, da Motörhead a zamanin da ta fi tashe, duk mutum uku-uku ne. Inda mutane suka yi kaɗan, dole wani ya ɗauki aiki biyu.

To Ɗan Maraya Jos shi ɗaya ne tilo. Adamu Wayya, haifaffen Bukuru a 1946, ya rasu a watan Yunin 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani da aka rufe da fata. Ba mai ganga a bayansa da zai riƙe masa taku, ba 'yan amshin da za su ba shi damar numfashi. Yatsa na gudu a kan ɗan gajeren kiɗa da ke zagayowa, shi kuma yana ba da labari a kai, a waƙoƙi irin su Jawabin Aure har ya yi muryar miji ya juya ya yi ta mata. Geddy Lee in ya ɗan karkace akwai mai ganga da zai dawo da shi hanya. Ɗan Maraya in ya karkace ba kowa. A wannan fuska ɗaya, ni dai ina sa shi gaba da su duka. Mu kuma a Jigawa muna da namu, Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, wanda duk mai son jin yadda tsirkiya ke rakiyar waƙar soyayya ba tare da ta danne ta ba ya kamata ya nema. A Nijar akwai Malam Maman Barka, da ya rasu a 2018, wanda ya fara da gurmi kafin ya koyi biram, abin kiɗan Buduma masuntan Tafkin Chadi.

Kar a ɗauka rashin riƙe abin kiɗa naƙasu ne. Mamman Shata, da ya rasu a 1999, makaɗan kalangu ke bayansa, shi baki kawai ya sa a gaba, kuma ba wanda ya ce ya gaza. Sana'a ce daban.

Hannu tukuna

Ɗaure tsirkiya daidai da muryarka, ba daidai da ta wanda ka ji a rediyo ba. Gurmi da garaya ba su da tsayayyen ma'auni, zoben fatar da ke riƙe tsirkiya a jikin sanda za ka ja sama ko ƙasa har sautin ya zauna inda kake rera waƙa ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba. Yi wannan da yamma, don muryar safe ta fi kauri, in ka ɗaure da ita za ka ga daga baya ta yi maka ƙasa. Mai bes ba zai kwance ɗaurin jitarsa ba, amma yana iya matsar da kiɗan gaba ko baya a wuyanta har ya dace.

Sannan zaɓi ɗan kiɗa gajere, bugu huɗu ko shida da ke zagayowa. Ɗaya tak. Kaɗa shi a hankali, ƙafa na taka ƙasa. In kana da waya, akwai manhajojin da ke buga taku kamar agogo, sa ta a wajen bugu 60 a minti ka bi ta. In babu, sa ƙaninka ya riƙa tafi. Ba waƙa, ba ko gunaguni. Abin da ake nema hannu ya haddace har ya daina tambayar ka.

Yaya za ka san ya kai? Na taɓa ganin wani dattijo mai gurmi a wani ƙauye wajen Roni yana koya wa ɗan ƙanensa bayan la'asar. Yaron na kaɗawa, dattijon na gyara igiyar guga kamar ba ya ji. Can sai ya ce, "Auta, an ba akuyar nan ruwa?" Yaron ya ɗago kai, "An ba ta, Baba." Hannunsa kuwa ya tsaya cik. Dattijon bai ko dube shi ba, ya ce, "To koma." Haka ya yi ta jefo masa tambayoyi, nawa aka sayar da tiyar gero, wa ya tafi da keken. Ba a fara maganar waƙa ba sai da yaron ya iya amsawa gurmi na tafiya.

Ka yi wa kanka irin wannan. Kana kaɗawa, lissafo unguwannin garinku, ko ka ƙirga daga 50 ka dawo baya. Duk inda hannu ya yi jinkiri, bai nuna ba tukuna. Masu gaggawa a nan suke faɗuwa, don wannan mataki ba daɗi, kuma mutanen gida za su gaji da kai. Dubi mata wajen daka: taɓarya na sauka a kan lokacinta, ana lugude, ana waƙa, ana ma hira da maƙwabciya ta kan katanga. Ba wadda ke tunanin taɓaryar. Can kake son hannunka ya kai.

Sai baki, shi kaɗai

Ajiye abin kiɗan. Rera waƙar kana tafi ko kana dukan cinya har ka haddace ta, ba takarda ba waya. Wanda ke laluben kalma ba zai iya riƙe taku ba, hankali ba ya ɗaukar sabon abu biyu a lokaci ɗaya. Ɗaya dole ya zama tsoho.

Wurin haɗuwa

Nan ya kamata a daɗe. Ɗauki gurmin, fara kiɗan, amma kar ka rera. Faɗi baitin da magana kawai, a hankali ƙwarai, kamar kana karanta wasiƙa. Abin da kake nema shi ne ka gano wace gaɓa ce ke faɗawa kan bugu, wace ce ke faɗawa tsakanin bugu biyu.

Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma a waƙa mai nauyi tana cin wurin marasa nauyi biyu. Faɗi "gona", za ka ji gaɓoɓin biyu a miƙe suke. Faɗi "gida", ta farkon gajeriya ce, tana tsalle ta faɗa kan ta biyu. Kalmomi irin "gida" da "ruwa" su ke kayar da ɗan koyo, don sau da yawa 'yar gajeriyar gaɓar tana shigowa kafin bugun, ta biyun ce ke sauka a kansa. Hannu in bai nuna ba, da ya ji baki ya motsa sai ya bi shi, bugun ya zo da wuri, taku ya karye.

Maganin wannan takarda ce da biro. Rubuta layin da manyan baƙaƙe, ka rarraba gaɓoɓin, ka sa ɗigo a ƙarƙashin duk wadda ta haɗu da bugu. Wadda ta faɗa a tsakani ka kewaye ta. Za ka ga a layi guda wuri ɗaya ko biyu ne kawai ke da matsala. Kar ka yi ta maimaita waƙar daga farko kana fatan wannan karon za ka wuce. Ciro wurin, kalma biyu kafinsa da biyu bayansa, ka yi ta juya shi a hankali har ya zama ba ya ba ka tsoro, sannan ka mayar da shi cikin layin. In ya ƙi, rage bugun hannun, bar na farkon zagaye kawai, ka riƙa dawo da sauran ɗaya bayan ɗaya. Ba abin kunya ba ne. Saurari manyan da kyau, da yawansu suna sauƙaƙa hannu a lokacin baiti su ajiye ƙawar sai baki ya huta.

Akwai kuma kiɗan da ke tafiya uku-uku alhali waƙar na tafiya bibbiyu, abin da ya cika kaɗe-kaɗenmu. Koyi shi ba tare da abin kiɗa ba: hannun dama ya daki cinya sau uku a daidai lokacin da na hagu ya daka sau biyu, su fara tare. In ya zauna, cire na hagun ka sa baki a madadinsa.

Da magana ta daidaita, sai ka yi gunagunin karin waƙar baki a rufe, daga nan ka buɗe ka rera.

Kurakuran da ke biyo baya sanannu ne. Murya in ta hau sama hannu na ƙara sauri, kai ba ka sani ba. Ɗauki kanka a waya ka saurara washegari, za ka ji ƙarshen waƙar ya fi farkonta gudu. Wani muryarsa ce ke bin tsirkiya, duk inda ta hau ya hau, har hawa da saukar kalmomin ya lalace mai sauraro ya kasa gane abin da ake faɗa. Wani kuma yana riƙe numfashi a wurin da hannu ke shan wuya, in ya zo buɗe baki ba iska. Sa alama a takardar inda za ka shaƙa, ka ɗauke ta a matsayin wani bugu. Sai sunkuyar da kai don kallon yatsu, wanda ke matse maƙogwaro. Koyi kaɗawa cikin duhu ko ido a rufe. Lemmy makirufonsa a sama yake sa shi ya karkato ƙasa, yana waƙa fuska a ɗage, bai da damar leƙen hannu ko ya so.

In ka samu aboki ɗaya da zai riƙa yi maka amshi, ka samu sauƙi babba. Lokacin amshi nan za ka numfasa, nan kuma hannu zai yi 'yar ƙawarsa. Kuma shi ma abokin yana iya riƙe wani abin kiɗa, kamar yadda yaran Narambaɗa da na Ɗanƙwairo ke kaɗa kotso suna amshi a lokaci guda.

Kayan aikin ma suna da halinsu. Da hunturu fata na bushewa ta ɗaure, sauti ya hau, in aka yi sake ta tsage, don haka kar a bar gurmi a rana ko a bakin iska. Da damina takan saki, sautin ya dushe, sai a ɗan gasa ta nesa da garwashi, ba a kan harshen wuta ba. Duba jakin da tsirkiya ke hawa kansa kafin ka fara, in ya goce duk ɗaurin ya tashi. Mai bes kuma wutar lantarki ce damuwarsa. In ba wuta, jingina jikin jitar da ƙyauren katako ko teburi, zai ɗan ɗaga sautin yadda zai isa koyo a ɗaki.

Gaban jama'a

Fitarka ta farko, waƙa biyu sun isa, waɗanda ka fi ƙwarewa a kai. Bar kiɗan ya zagaya sau da dama kafin ka buɗe baki, hannu ya yi ɗumi, jama'a su kama takun. In kalma ta ɓace maka, saki kalmar, kar ka saki hannu. Layi ɗaya in ya wuce ba waƙa, mutane za su ɗauka ƙawa ce. Kiɗa in ya tsaya, kowa ya san an faɗi.

Sai abin da su Sting da Geddy Lee ba sa fuskanta. Su waƙarsu a rubuce take, yadda aka yi ta jiya haka za a yi ta yau. Kai kuwa a gidan biki kana tsakiyar baiti wani zai taso ya liƙa maka kuɗi a goshi, sanƙira ya matso kunnenka ya raɗa maka sunansa da na mahaifinsa da garinsu, kuma dole su shiga waƙar kafin mutumin ya koma mazauninsa. Kunne na karɓar saƙo, kai na tsara layi, baki na rera na baya, hannu bai tsaya ba.

Ana koyon wannan a gida. Ware layi ɗaya a waƙarka mai gurbin suna, ka riƙa cusa masa sunaye masu tsawo daban-daban: Ali, sannan Haruna, sannan Abdurrahman, sannan suna haɗe da sarauta ko sana'a, sannan da sunan gari, na Kazaure, na Gwiwa, na Achilafiya mai gaɓa biyar. Gajeren suna za ka ja gaɓarsa ko ka ƙara masa "Malam" ko "Alhaji" ya cika gurbin. Dogo kuma za ka fara shi da wuri, tun kafin bugun farko. In ka saba, sa wani ya tsaya a gefenka ya riƙa raɗa maka sunayen da ya ga dama, ba gargaɗi, wani lokaci biyu a jere. Tanadi kuma layuka biyu ko uku na gama-gari da za ka riƙa juyawa yayin da kake jiran sanƙira ya gama magana, don wani sa'in hayaniya kan hana ka ji da kyau, sai ya maimaita.